Na Bi Yayana Har Magangarar Ruwa

Ranar da motarmu ta shiga tashar Adjame ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, sai na sauka da shi a hannu. Ban taɓa ganin mutane da yawa haka a wuri ɗaya ba, ko a kasuwar Maraɗi ranar jajibirin Salla. Kowa sauri yake, kowa magana yake da ƙarfi. Yaran ƙananan motocin nan da ake kira gbaka suna rataye a ƙofa, suna kiran sunayen unguwannin da ban san ko ɗaya ba. Na raɓe gefen wata rumfa da jakata a ƙirji, ina neman fuskar da za ta yi kama da ta mutanenmu.

Sunana Lawali, daga wani ƙauye na ƙasar Tasawa a Nijar. Ba ci-rani ya kawo ni Abijan ba, ko da yake daga baya abin ya koma haka. Yayana Sale na zo nema, wanda ya bar gida tun ina yaro mai kiwon awaki. Shekarun farko yana aiko da saƙo, har turmin atamfa ya taɓa aiko wa Inna. Da aka yi rikicin ƙasar nan sai ya yi shiru, shirun da ya ɗore har na yi gemu, na yi aure, aka binne Babanmu ba ya nan. Dangi suka ce ya mutu, a yi masa sadaka. Inna ta ƙi. Da ƙafarta ta fara gazawa ta kira ni ɗakinta, ta ce ita dai so take ta san wace addu'a za ta riƙa yi, ta mamaci ko ta matafiyi. Maganar da ta tashe ni ke nan.

Fuskar da nake nema ita ta zo ta same ni. Wani mutum ne fari, tsaf da shi cikin kaftani ruwan toka, da carbi a hannu.

"Baƙo, sannu da hanya. Daga gida?"

Kwana da kwanaki ban ji Hausa mai daɗi irin wannan ba. Na rusuna na gaishe shi, ban san lokacin da na zayyana masa komai ba, har da sunan ƙauyenmu. Ya gyaɗa kai, ya ce Sale ɗan Tasawa ai ko jiya sahu ɗaya suka yi magariba. Ya ce in zo ya kai ni, amma in ajiye jakar a shagon ƙanensa, don lungun da za mu bi 'yan iska sun yi yawa. Na miƙa ta ga wani mutum a bakin shagon robobi. Muka kutsa cikin kasuwa, mu karya nan mu karya can, har muka iso wani ɗan masallaci. Ya ce in jira shi ya kama ruwa. Ina nan tsaye aka kira azahar, aka yi, aka watse. Da na koma neman shagon, na tarar shagunan robobi sun fi a ƙirga, kuma ba mai jin abin da nake faɗa.

Tufafina ba su dame ni ba, takarduna da wayata kuwa suna aljihu. Abin da ya sa na zauna a bakin kwata na rufe fuska shi ne ƙullin dakuwar da Inna ta daka da hannunta, tana daka tana hutawa, ta ce in na same shi in ba shi, yana sonta tun yana ƙarami.

A nan Baba Idi ya tsince ni. Dattijo ne ɗan ƙasar Tawa, siriri, duk hannuwansa tabon ƙunar mai, wanda ya tsufa a Abijan. Bai tambaye ni komai ba. Ya ce, "Tashi, ɗana, nan ba wurin zama ba ne." Ya kai ni rumfarsa a unguwar Bromakote, ya zuba mini garba, wato aceke, garin rogon nan da ake turarawa, da soyayyen kifin teku da barkono da albasa. Abincin talakan garin ke nan, kuma mutanenmu ne suka fi sayar da shi. Sai da na sha ruwa na yi hamdala sannan ya saurari labarina. Da na zo wurin mai kaftani, ya ce, "Ya riƙe carbi, ko?" Na ce i. Ya ce, "Allah ya shirye shi. Gobe ka tashi da asuba, akwai aiki."

Haka na zama mai soya kifi. Ni da ban taɓa ganin kifin da ya wuce tafin hannuna ba, sai ga ni ina yanka wanda ya kai ɗan akuya. Na koyi tsayuwa gaban kasko tun hantsi har la'asar, mai yana tsalle yana yi mini irin tabon Baba Idi. Na koyi Faransancin kasuwa, na koyi cewa "yako" ga wanda abu ya sama. 'Yan ƙabilar Jula na unguwa suna kirana dogo, ni kuwa gajere ne, na ɗauka tsokana ce har na fara ɓata rai, sai aka gaya mini a harshensu ƙane ke nan. Muna kwana a ɗakin katako da sauran ma'aikatan rumfar. Tufafi ba sa bushewa a garin nan, tabarma ma kullum da danshi. Na yi kewar yashi mai zafi a tafin ƙafa, da furar gero mai tsami, da muryar matata Hadiza tana kiran kaji da yamma. Na bar 'yata Nana tana rarrafe, a waya aka gaya mini ta miƙe.

Ranar Juma'a bayan masallaci Baba Idi yake sallamata in je nema. Na bi masu takalma, don takalma Sale yake sayarwa. Na bi masu goro, na bi masu shayi. Na tsallaka gada zuwa Treichville na bi layi-layi, duk inda na ji Hausa in tsaya. Mutane suna da kirki, za su ba ka kujera, su ba ka ruwa, su ce ka je wurin wane, shi ya san kowa. Wane kuma ya tura ka wurin wane. A unguwar gidajen bene ta 220 Logements ne kawai na samu wanda ya san shi da gaske, wani tsohon mai gyaran takalma.

"Sale ɗan Tasawa? Maƙwabcina ne a kasuwa. Shagonsa ya ƙone a rikicin nan, da kayan mutane a ciki. Ranar da wutar ta mutu na gan shi yana tona toka da sanda. Ban ƙara sa shi a ido ba."

Ban gaya wa Inna wannan ba. Duk lokacin da Hadiza ta kai mata waya, sai ta tambaye ni abinci, ta tambaye ni maigidana, amma ba ta tambayar abin da ya kawo ni. Ni ma ba na tayar da zancen. Sai ta ce, "To, Allah ya dafa maka." Damina ta wuce a haka, wata ta shigo.

Da babbar Salla Baba Idi ya tafi da ni Belleville, cikin Treichville, gaida amininsa Alhaji Bukari, ɗan kasuwa ɗan Zinder da aka haifi duk 'ya'yansa a nan. Ina zaune bakin ƙofar falo da farantin nama, 'yarsa Mariyama, wadda ke aiki a wani kantin magani, tana ba su labarin yawon da suka je da abokan aikinta. Can yamma ne, bayan garin Man, cikin wani gandun daji na gwamnati, inda ruwa ke faɗowa daga kan dutse. Hausarta a karye take, rabi Faransanci, ubanta yana ta gyara mata tana dariya.

"Papa, ka san abin mamaki? Na zame a kan dutse na ce wayyo ƙafata, sai gid ɗinmu, mai nuna mana hanya, ya juyo ya ce mini, sannu 'yar gida. Vraiment, a cikin dajin nan. Can Salif suke kiransa. Ya ce shi ɗan Nijar ne, wajen Tasa… Tasawa, ko? Wai ya daɗe bai yi Hausa ba har bakinsa ya yi nauyi."

Na ajiye farantin a hankali don kada ya faɗi. Ba wurina ba ne in sa baki a hirar gidan mutane, amma na sa.

"Hajiya, gafarta mini. Kin lura da hannunsa?"

Ta juyo ta dube ni. Ta ɗan yi tunani, sannan ta ɗaga hannunta na hagu ta lanƙwasa ƙaramin yatsa. "Wannan rabi ne. Na gani lokacin da ya ɗaga ni."

Lauje ne ya yanke shi wajen yankan ciyawa, tun kafin a haife ni. Wannan guntun yatsan nake riƙewa in zai kai ni kallon dambe, don shi kaɗai ya yi daidai da hannuna.

Alhaji Bukari ya ce, "Ikon Allah." Sai da muka hau gbaka za mu koma Baba Idi ya ce, "Jibi ka tafi. Kifi ba zai gudu ba." Ya ba ni rigarsa ta ruwa da takalman roban nan da ake kira leke, ya ce a can ƙasar ruwa ba ya sallama kafin ya zo.

Tafiyar wuni ce cur. A kowane shinge jandarma sai su ce baƙi su sauka da takardunsu, kuma ni kaɗai ne baƙo a layinmu. A wani shinge bayan Daloa suka riƙe ni ya daɗe, takardata tana hannun ɗaya yana juya ta kamar bai iya karatu ba. Na ji direba ya tayar da mota. Wata mata da muke kujera ɗaya, mai goyo, wadda tun Abijan ba mu ce wa juna uffan ba, ta sauko ta tsaya a ƙofar motar da ɗanta a baya, ta ƙi a rufe. Ban ji abin da take faɗa ba, amma har jandarman ya ji kunya ya miƙo mini takardar. Na zauna ina ta yi mata godiya. Ta ɓare ayaba ta ba ni rabi. A Duékoué ta sauka, ban san sunanta ba.

Man gari ne da duwatsu suka yi wa zobe, gajimare yana zaune a kansu kamar rawani. Na kwana a masallacin Julawa. Da safe na hau motar ƙauye, daga inda ta ƙare na hau kabu-kabu. Hanyar jar laka ce, sau ɗaya muka kwanta a ciki ni da mai babur, muka tashi muna kallon juna kamar tukwanen da ba a gasa ba. Da hantsi muka iso ƙofar gandun: ɗan ofishi na katako, ma'aikata masu koren kaya, da benci a ƙarƙashin bishiya inda 'yan jagora ke jiran baƙi.

Yana kan bencin. Ban gane fuskar ba, don ta motse, gemun ya yi furfura. Amma da ma'aikacin ya kira "Salif" ya miƙe, sai na ga Babanmu ya miƙe. Yadda yake dafa gwiwa kafin ya tashi, yadda yake ɗan karkata kafaɗar dama. Takalman ruwa ne a ƙafarsa, adda a hannu.

Akwai wasu baƙi, mata da miji daga Abijan, sai aka haɗa ni da su. Ya zo ya ce mana bonjour, idonsa ya bi ta kaina ya wuce kamar yadda yake bi ta kan kowane baƙo. Na ce bonjour. Tun daga Adjame nake shirya abin da zan faɗa, na maimaita shi a mota har na haddace. Da na gan shi sai tsoro ya kama ni. Mutumin da ya yi shekaru yana ɓoye, in ya ce bai san ni ba fa, a gaban mutane? Me zan koma in gaya wa Inna? Na ja bakina na bi bayansu.

Da farko gonakin koko muka ratsa, sannan kurmi ya rufe a kanmu, rana tsaka ta koma kamar magariba. Ni ɗan ƙasar da kake hango mai zuwa tun yana nesa kamar ɗigo, ban taɓa shiga inda ba a ganin sama ba. Itatuwan sai ka ɗaga kai har wuya ya yi ciwo ba ka ga ƙarshensu ba. Birai suna ta faɗa a can sama. Hanyar ta fara hawa, kuma ba ta ƙara sauka ba. Saiwoyi ne matakala, laka a kansu kamar sabulu, leken Baba Idi yana ta zamewa. Na taka rundunar kwarkwasa ban sani ba, suka hau ni har cinya, na yi rawar da ta ba matar nan dariya har ta riƙe ciki. Ƙirjina ya riƙa zafi kamar na haɗiyi garwashi. Shi kuwa yana gaba, yana sare rassa, yana yi wa baƙin bayani da Faransanci. Muka gamu da wasu mata da kayan itace a ka, ya gaisa da su da yaren Yakuba na mutanen ƙasar, suka yi ta raha kamar ɗan gari. Wannan mutumin yana da duniyarsa cikakkiya, ba mu a cikinta.

Da ya ga ina baya, ya sare sanda ya fere ta, ya miƙo mini.

Muka iso wani rafi mai gudu, an gitta masa gungumen itace. Ya tsallakar da matar, ya tsallakar da mijin, ya dawo tsakiya ya miƙo mini hannun hagu. Na kama. Yatsuna suka sauka a kan guntun yatsan nan, bakina ya riga ni.

"Na gode, Yaya."

Ya tsaya. Ruwa yana wucewa ƙarƙashinmu. Ya yi magana a hankali, kamar mai ɗaga kowace kalma daga rijiya.

"Kai Bahaushe ne?"

"I."

"Na ina?"

Na faɗi sunan ƙauyenmu. Hannunsa ya ƙara matse nawa.

"Gidan wa?"

"Gidan Malam Hamidu."

"Wane ne kai a gidan?"

"Lawali ne, Yaya."

Ya dube ni tun daga kai har ƙafa, ya daɗe a kan gemuna. Ya ja ni muka ƙarasa tsallakawa, ya saki hannuna, ya ce wa baƙin da Faransanci saura kaɗan, ya wuce gaba. Bai waiwayo ba. Na bi shi ina kallon bayansa, ban san ko fushi ne ko mene ne ba. Abin da na lura kawai, ya daina yi wa baƙin bayani, kuma addarsa tana sarar rassan da ba su tare hanya ba.

Ƙarar muka fara ji, kamar jerin manyan motoci a nesa. Sannan iska mai sanyi ta taho ta cikin itatuwa, ganye duk ya jiƙe ba a yi ruwa ba. Muka zagaya wani ƙaton dutse, sai kurmin ya buɗe. Na ɗaga kai har hulata ta faɗi. Daga can ƙololuwa, inda dutsen ya haɗu da gajimare, ruwa ne yake zubowa fari fat kamar an kwance buhunan auduga, kuma saboda nisan faɗuwar, rabinsa hayaƙi yake zama kafin ya iso ƙasa. Ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafa. Ni da na tashi ina kora bijimi yana jan guga daga rijiya mai zurfi, muna raba abin da ya fito tsakanin mutane da dabbobi, na tsaya ina kallon wannan yana zuba ba mai tara ko ƙwarya. Na ce subhanallahi, ban ji muryata ba.

Baƙin suka shiga ɗaukar hoto. Sale ya kama rigata ya ja ni bayan wani dutse inda ƙarar ta ɗan ragu. Ya sa bakinsa kusa da kunnena.

"Inna?"

"Tana nan. Ita ta aiko ni."

Ya lumshe ido. "Baba fa?"

"Allah ya yi masa rasuwa, Yaya. An daɗe."

Ya ajiye addar, ya durƙusa a bakin ruwan, ya ɗebo ya wanke fuska. Ya sake ɗebowa ya wanke. Ya daɗe yana wanke fuskar da ba ta da datti, ni kuwa na juya ina kallon dutse don in ba shi wuri.

Da ya tashi ya ba ni labarin a gutsure. Bayan gobarar ya kasa haɗa ido da masu kayan, ya biyo motar goro ya yo yamma. Zazzaɓi ya kayar da shi a ƙauyen da ke gindin dutsen nan, wani tsoho ya ɗauke shi ya yi jinyarsa, daga baya ya ba shi 'yarsa. "Kullum cewa nake bari in samu abin da zan riƙa in shiga gida da shi. Shekara ta wuce, kunyar ta ƙaru. Daga baya ko na samu, me zan ce ya hana ni kira? Sai na ga gara ku ɗauka na mutu."

"Ita ba ta ɗauka ba," na ce.

Na fito da waya, ba rezo, wato layi, ko ɗigo. Ya ce akwai wuri a sama, gefen inda ruwan ke karyowa, can baƙi suke samun layi. Ya roƙi mata da mijin su huta su ci abincinsu. Wannan hawan ba hanya ba ce, saiwa ce da dutse, da hannu da gwiwa. Ban duba ƙasa ba ko sau ɗaya. Da muka kai, sai ga duniya a shimfiɗe, kurmi kore har inda ido ya ƙare, ruwan yana wucewa kusa da ƙafarmu yana faɗawa cikin sarari. Na kira Hadiza. Na ji takunta tana gudu zuwa ɗakin Inna.

"Lawali? Wace ƙara ce wannan? Ruwa ake a wurinku?"

"Inna, ga shi nan kusa da ni."

Na sa wayar a hannun Sale, na buɗe muryar yadda zan ji. Ya riƙe ta da hannu biyu, ya durƙusa a kan dutsen kamar tana gabansa.

"Inna, ina wuni."

Shiru, sai ruwa. Ya sake cewa, "Inna, ni ne." Sai muka ji Inna ta ce wa Hadiza, "Ki ce ya ba Lawali."

Sale ɗan fari ne. Tunda aka haife shi Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zama ta yi hira da shi ido da ido ba, irin kunyar mutanen da. Shekarun nan duk ba su canza wannan ba. Na karɓi wayar.

"Ya rame?"

"Kaɗan, Inna."

"Yana salla?"

Na dube shi, ya gyaɗa kai. "Yana yi."

"Yana da iyali?"

"Da mata da 'ya'ya."

Ta ja numfashi mai tsawo, na ji shi duk da ƙarar ruwan. Sannan ta ce, "To, ka gaya masa ɗakinsa yana nan. Akuya ce kawai take kwana a ciki, za a fitar da ita."

Layin ya yanke. Sale ya kifa goshinsa a kan gwiwarsa, kafaɗunsa suna rawa, ban san ko dariya ce ko kuka ba, ina jin duka biyun ne. Muka zauna har sanyi ya fara shiga ƙashi, sannan ya ce baƙi suna jira.

Na yi kwanaki a ƙauyensu. Matarsa Odil ta kama mini kaza, ta kawo wuƙa ta nuna ni zan yanka da hannuna don ta san ƙa'idarmu. Ba mu da harshe ɗaya ni da ita, amma ta wanke mini rigar da laka ta ɓata, ta shafa mini magani a cizon kwarkwasa. Da yammar farko ina alwala a bayan ɗaki na ji Sale ya ɗaga murya ya ce, "Inna, kawo wa babanki buta." Na waiga da sauri. Sai ga yarinya ta fito, doguwa, baƙa, da goshin gidanmu. Sunan Inna ya sa mata, kuma ba ya iya faɗinsa, don haka duk ƙauyen Inna suke kiranta ba su san ma'anar ba. Ba ta jin Hausa ko kalma, sai "na'am".

Ya ce ba zai iya bina nan take ba, sai an tsinke kofi, don gonar surukinsa a wuyansa take. Na koma Bromakote da wannan alkawarin, kuma gaskiya ban yarda da shi sosai ba. Baba Idi ya ce, "Wanda ya durƙusa wa waya zai zo." Na ci gaba da suya. Wata ya mutu, wani ya tsaya, wani ya mutu.

Wata ranar Laraba ina juya kifi, na ɗaga kai na ga mutum a ƙarshen layin masu saye, da buhu a kafaɗa da yarinya a gefensa, ya dafa gwiwa yana hutawa. Sale ne, ya sa kaftani sabo wanda ya yi masa yawa.

Hanyar gida ta yi tsawo yanzu, sai an zagaya saboda rufe iyaka, kuɗin mota ya hau. Abin da ya samu a kofi bai kai su biyu ba. Abin da na tara don komawata shi ya cike. Bai sani ba sai a tashar Treichville, da ya ga ban zo da jaka ba.

"Kai fa?"

"Bayan Salla, in Allah ya so. Baba Idi ba shi da kowa a kasko yanzu, kuma in ɗan ƙara wani abu."

Ya dube ni irin kallon da ya yi mini a kan gungumen nan. Ya shiga ya zaunar da yarinyar, sannan ya zuge tagar ya leƙo.

"Lawali, kada ka ce sai ya taru. Ba ya taruwa."

Motar ta tashi. Na tsaya har ta hau gada, sannan na nemi gbaka.

Hadiza ce ta ba ni labarin isarsu. Ta ce da ya yi sallama a ƙofar ɗaki Inna ta juya fuska ga bango, ta amsa wa bangon. Amma yarinyar, ta jawo ta jikinta ta ƙi saki, tana shafa kanta tana yi mata magana, yarinyar tana cewa na'am, na'am. Ta ce gidan ya cika da mutane har ba wurin taka ƙafa, an yanka akuyar. Ta ce Sale ya tafi maƙabarta shi kaɗai, bai dawo ba sai la'asar. Ta ce ya ɗauki Nana ya ɗora a wuya, ita kuma ta kama gemunsa ta ce masa Baba, kowa ya yi dariya.

Hadiza ba ta yi dariya ba da take gaya mini. Ina jin kaji a bayanta, da wani yana daka can nesa.

"An fara shara a gonaki," ta ce. "In sa a share taka?"

Mai ya yi zafi a kasko, layi ya kai bakin titi, Baba Idi yana kallona. Na juya masa baya, na toshe ɗaya kunnen don in ji dakan nan da kyau.

"Ki sa a share," na ce.